Hoton Buhun Shinkafar Gwaggo

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne saboda agogon bangon wani shagon buga takardu nake kallo, don kada in haɗa ido da mai shagon. Shekaru sun wuce, na yi ayyukan da suka fi wannan girma, amma ko zan manta da komai na zamanin ɗalibtata, ba zan manta da wannan makon ba.

A lokacin ina karatu a wata makarantar gaba da sakandare a Birnin Kebbi, gidanmu yana Gwadangaji. Ni irin yaran nan ce da in baƙi sun zo gida sai an leƙa ɗaki an ce in fito in gaishe su. Littafi ne abokina, sai wata tsohuwar kwamfuta da yayana ya bar mini. A kanta na koya wa kaina tsara katin walima da takardun sanarwa. Magana tana yi mini wuya, amma in rubutu ya karkace ko da kaurin gashi ne, ba na iya tashi sai na daidaita shi.

Ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, tana aure a Argungu, kuma sana'arta gumin shinkafa. Takan sayi shanshera daga manoman fadama, matan da ke yi mata aiki su jiƙa, su turara, su shanya, a kai inji a cire ɓuntu, su dawo su bakace ta tas. Shinkafarta ba ta da tsakuwa, kowa a unguwar ya shaida. Sai dai a farin buhu take sayarwa, babu suna babu alama. Wannan shekarar aka ba ta rumfa a wani baje kolin kayan gona da za a yi a Argungu, aka ce masu manyan kantuna za su zo neman wanda zai riƙa kawo musu, kuma ba sa ɗaukar kayan da ba shi da suna. Ta kira ni a waya.

"Ke da kika taɓe-taɓen injin nan kullum," in ji ta, "ki yi mini buhu na gani na hwaɗa. Ban son wanda za a wuce ba a waiwaya ba."

Na ce to. Wannan ne karo na farko da wani ya ɗora sana'arsa a kan aikina.

Na yi kwanaki ina tsarawa. Na zaɓi kore da ruwan ƙwai, na auna tazarar kowane harafi, sannan na shiga intanet na samo hoton wani kwano cike da shinkafa, na ɗora a tsakiya. A kan kwamfutata ya yi kyau har na ji kunyar yadda nake jin daɗi. Ranar Talatar nan na ɗauka na kai wa wani mai shagon buga takardu a cikin gari, mutum mai barkwanci wanda kowa ƙanensa ne ko ƙanwarsa.

Ya buɗe aikin, ya gyaɗa kai, ya ce rubutun ya zauna. Sai ya tsaya a kan hoton.

"Ƙanwata, ina kinka samo wanga kwano?"

Na ce a intanet, muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Ya ƙara wa hoton girma zuwa faɗin buhu. Ina kallo ƙwayoyin shinkafar suka farfashe, suka koma ƙananan murabba'ai kamar gidajen dara. Ya sa yatsa ya nuna mini wani rubutu dishi-dishi kwance a tsakiya, tambarin masu hoton, wanda ban taɓa lura da shi ba duk da tsantsenina. Daga nan ya juya kujerarsa ya nuna bango. Ga allon tallar wani gidan abinci, ga kalandar wani mai sayar da takin zamani, duk da kwanon nan nawa.

"Kin gani? Wanga kwano ya hi ni yawo cikin Birnin Kebbi. Ki bar shi shi huta."

Mutanen da ke jiran aikinsu suka yi dariya. A nan ne na ɗaga kai na kafa wa agogo ido.

Da ya ga yanayina sai ya sassauta. Ya ce buhu ba a nan ake buga shi ba, Kano yake turawa, kuma ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai tura ayyukan makon. In nawa bai shiga ciki ba, buhunan ba za su dawo kafin baje kolin ba. Ya ce in samo hoto babba, mai tsabta, wanda babu mai biyo mu a kansa. Na fito na hau keke zuwa gida, ina maimaita abu ɗaya a raina: Gwaggo ba za ta tsaya a rumfar nan da farin buhu saboda ni ba.

Da yammar ranar na zauna neman hoto da gaske. Shafukan da ke sayar da hotuna masu kyau da dala suke ciniki, kuma hoto guda ya kusa cinye abin da Gwaggo ta ware wa aikin gaba ɗaya. Na koma shafukan da ke bayarwa kyauta. Halina bai bar ni ba, sai da na karanta sharuɗɗansu layi-layi, na tabbatar an yarda a yi talla da su. Hotunan manya ne, garau, babu tambarin kowa. Matsalar ita ce shinkafar ba tamu ba ce. Fara ce fat kamar auduga, wata ma da tsinkaye biyu a gefen kwano. Gonakin kuwa a jikin duwatsu suke, hawa-hawa kamar matakala, ga wani manomi da malfa mai tsini yana murmushi. Shinkafar Gwaggo ta gumi ce, launinta ya ɗan ja zuwa ruwan zuma, kuma a shimfiɗaɗɗiyar fadama ta tsiro.

Na fara lallashin kaina cewa shinkafa shinkafa ce, sai mahaifina ya zo wucewa da butarsa, ya leƙa.

"In kin sa wannan," ya ce, "sai a ce Gwaggonki ta waje take juyewa a buhunta."

Ya wuce alwala. Na rufe shafin. Duk abin da Gwaggo take taƙama da shi shi ne tata ta gida ce, kuma hoton kyauta ya kusa jawo mata zargin da ba ta san hawa ba.

Washegari na daure na je wurin wani mai ɗaukar hoto a Badariya. Na tsaya a ƙofar shagonsa ina shirya maganar a baki kafin in shiga. Da na gama bayani ya dube ni ya ce, "Shinkafa kuma? Amarya ce?" Ya ce makon nan biki ya cika masa hannu, sannan ya faɗi kuɗinsa da na man babur, na san ba nan ba ne. Amma ina juyawa ya kira ni, ya ce in har da kaina zan ɗauka, kada in kuskura in ɗauka da tsakar rana, in jira bayan la'asar lokacin da haske yake kwantawa. Wannan shawarar kaɗai na fito da ita, kuma har yau ina cin moriyarta.

Wata ƙawata a aji tana da waya mai kyamara mai kyau. Ban taɓa aron ko biro a hannunta ba, amma ranar na roƙe ta, ta cire layinta ta miƙa mini, ta ce in na fasa mata ita in shirya zama baiwarta. Da la'asar na hau kabu-kabu zuwa fadamar Zauro, ina ganin a raina zangarniyar shinkafa tana rausaya. Na manta lokacin da ake ciki. Ba a daɗe da yin dashen rani ba. Fadamar ta yi kore shar, ga ruwa yana ƙyalli tsakanin kunyoyi, ga ƙarar injinan ban ruwa ta ko'ina, amma a cikin hoto ciyawa ce kawai. Na dawo gida na zuba shinkafar Gwaggo a faifai na ɗauka ta sama, na ɗauka ta gefe, na tura wa mai shagon. Amsarsa ta zo a saƙon murya: "Wanga ya hito, ba ya hwashewa. Amma ba shi da rai, ƙanwata. Sa mutum ciki."

Ranar Alhamis da safe na shiga motar Argungu.

Bayan gidan Gwaggo akwai wani fili da aka kewaye da zana, a nan ake aikin. Manyan tukwane a kan murhu, tururi yana tashi da ƙanshin gumi, ga shinkafa shanye a kan tamfol, mata suna juya ta da ƙafa suna hira. Na gaishe su, na laɓe kusa da Gwaggo na raɗa mata abin da ya kawo ni. Ita kuwa ba ta san raɗa ba.

"Ku ji! Ɗiyata na son huskar da za a manna ga buhu. Wa ka so ta yi suna?"

Wurin ya kaure da shewa. Wata ta ce a sa ta maƙwabciyarta, ɓeraye ma ba za su kusanci buhun ba. Waccan ta ce ai gara tata, ita wancan bakin ko a hoto ba zai yi shiru ba. Na ɗauka wasa ne kawai, daga baya wata za ta yarda. Da na dubi Gwaggo na ce to ita fa, tunda shinkafarta ce, sai ta daina dariya.

"Ni? In an cinye shinkahwar, mi aka yi da buhun? A shimhiɗa shi ƙohwar banɗaki. A zuba kashin awaki a kai gona. A goge ƙahwa da damina. Da huskata? Wa'iyazubillahi."

Sauran suka ce ƙwarai kuwa. A duk karatun da na yi a kan tsara talla, ban taɓa tunanin inda buhu yake ƙarewa ba, alhali a gidanmu ma a kan tsohon buhu muke tsuguna wanke-wanke. Na samu gindin zana na zauna da wayar aro a hannu.

Bayan la'asar wata tsohuwa ta shigo daga gidan da ke maƙwabtaka, siririya, ba ta da yawan magana. Kowa Inna yake ce mata. Ita ke yi wa Gwaggo bakacen ƙarshe. Ta ɗebi shinkafa a faifai, ta juya wa rana gefe, ta watsa ta sama. Ban taɓa ganin irin wannan bakacen ba. Shinkafar ta tashi a dunƙule, ta lanƙwasa kamar baka, hasken yamma ya ratsa ta ta zama zinariya, ƙaiƙayi ya bi iska, sannan ta dawo cikin faifan ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Na ce a raina ga hoton nan.

Wayar tana hannuna, babu mai kallona, ita ma hankalinta yana kan aikinta. Daƙiƙa ɗaya ta isa. Amma a cikin sharuɗɗan da na karanta akwai maganar da ta yi ta maimaituwa, cewa ba a talla da hoton mutum sai da yardarsa, kuma ga abin da matan nan suka faɗa yana kunnena. Na miƙe na je na durƙusa a gabanta na gaishe ta, na faɗi buƙatata.

Ba ta ko dube ni ba. "Aje wanga abu," ta ce, ta ci gaba da bakacenta.

Gwaggo ta jawo ni gefe ta ce in ƙyale ta, ita da hoto ba sa ga maciji. Rana ta faɗi ina kallo, ban ɗauki komai ba.

A gidan Gwaggo na kwana. Da asuba dabara ta zo mini: mai shagon ya ce in sa mutum, bai ce lalle sai fuska ba. Hannu da faifai ma mutum ne. Na yi murna, sai na tarar ranar Juma'a matan ba sa zuwa aiki, filin babu kowa sai kaji. Na lallaɓa Gwaggo ta gwada. Rabonta da bakace tun kafin ta ɗauki ma'aikata, ta watsa shinkafar ta warwatse, rabi a zaninta. Na ba ta wayar na gwada da kaina, kajin suka yi walima. Muka duba hotunan, duk sun yi dishi-dishi kamar ana ruwan sama.

"Shi ke nan," in ji Gwaggo, "a sa na hwaihwan nan marar rai. Allah shi sa albarka."

Na ce ta ba ni zuwa yamma. Na fita waje na kira mai shagon. Ni da ban iya neman ragi a kasuwa ba, na ce masa ina roƙonsa ya jira ni zuwa magariba, in ya tura ba nawa ya cuci marainiyar sana'a. Ya yi dariya har da tari.

"Yau ke ta da baki haka? To magariba. Ana kiran salla ina turawa, da ke ko ba ke."

Na bar wayar a ɗakin Gwaggo na shiga gidan Inna hannu sake. Na same ta a inuwar rumfa tana tsintar shinkafar da za ta dafa. Na gaishe ta, na jawo faifan na fara tayawa. In akwai aikin da na iya a duniya, to tsinta ce. Mun jima muna tsinta. Can ta duba gefen da na tsince, ta juya shi da yatsa, ba ta samu komai ba.

"Ashe kina da ido," ta ce. "Ina abin naki?"

Na ce na baro shi.

Sai ta fara magana kamar da faifan take yi. Ta ce maigidanta masunci ne. Wata shekara a bikin kamun kifi ya fito da wani giwan ruwa da sai da aka taya shi ɗauka, baƙi suka yi masa caa da kyamarori. Babu wanda ya tambaye shi ko sunansa. Bayan wani lokaci sai ga shi a kalanda, ana sayarwa a kasuwa. Shi daɗi ma ya ji, ya sayo ɗaya da kuɗinsa ya rataya. Shekaru suka wuce, Allah ya yi masa rasuwa.

"Ban daɗe da hita takaba ba," ta ce, "anka kawo mini ƙosai daga bakin hanya. In buɗe takarda, sai ga malam. Mai ya jiƙe mishi huska, ido guda ya huje. Mutumin da anka ruhe da mutuncinai, ɗiyata. Ga shi an ƙunsa ƙosai da shi."

Na ce Allah ya jiƙansa. Manomin nan mai malfa mai tsini ya faɗo mini a rai, wanda na kusa ɗora shi a kan buhu don kawai kyauta ne. Shi ma yana da mata, ko 'ya, a wani wuri.

Na taya ta hura wuta, na ɗebo mata ruwa. Sai da aka sauko daga masallaci sannan na sake buɗe baki. Na ce mata ba fuskarta nake nema ba yanzu, daga wuyan hannu zuwa faifai kawai. Na ce duk abin da na ɗauka ita za ta fara gani, in ta ce a goge, a gabanta zan goge, kuma in ta ce a'a ba zan sake tayar da maganar ba, gobe ma zan zo in gaishe ta. Ban taɓa jera wa babba magana mai tsawon wannan ba. 

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Aka kira la'asar ta ɗauki buta ta shige ɗaki. Na je na yi tawa sallar, na ɗauko wayar, na dawo na zauna a dokin ƙofarta. Inuwar zana tana ta tsawo tana matsowa ƙafafuna. Na yanke a raina cewa in rana ta taɓa kan katanga ba ta fito ba, zan ce wa mai shagon ya sa hoton faifan nan marar rai, in nemi gafarar Gwaggo. Amma ban tashi ba.

Buhunan sun dawo daga Kano ana gobe baje koli. A jikinsu akwai hannaye biyu masu jijiya riƙe da faifai, da shinkafa mai ruwan zuma a lanƙwashe cikin iska. Gwaggo ta ce mutane sun yi ta tsayawa a rumfarta, wani mai kanti ya ɗaga buhun yana juyawa kafin ma ya nemi a kwance masa baki, kuma daga ranar ya fara karɓar kayanta. Har yau da wannan hoton take sayarwa. Ni kuwa abin da na koya shi ne, hoton da ya fi dacewa da kayanka sau da yawa yana bayan gidanka, ba ya buƙatar dala, amma ba a samunsa da arha kamar yadda ake zato. Sai ka taka ka je, ka zauna, ka ji abin da mai shi yake tsoro, ka tambaya, sannan ka iya jira. Tun daga wannan makon ban sake ɗora mutum a kan takarda ko buhu ba sai na tambayi kaina inda abin zai ƙare in an gama da shi.

A yammacin Juma'ar nan, rana tana gab da taɓa katangar ne labulen ɗakin ya motsa. Inna ta fito da faifanta cike da shinkafa, ta naɗe hannun rigarta, ta gyara mayafinta ta sauko da shi har haɓa. Ta juya wa rana gefe kamar jiya, sannan ta yi magana.

"Tashi ki ɗauka tun rana ba ta hwaɗi ba. Hannu ɗan aiki ne, ya saba da ƙasa, ko an taka shi ba komi. Huskata ko ki bar mini abata, da ita za ni gamu da malam."